Zaɓen Furen Wardi Mai Hawa Katanga

Duk wanda ya taɓa ganin katangar da furen wardi ya lulluɓe, da wuya ya koma gida bai yi sha'awar mallakar irinta ba. Sai dai sau da yawa mai wannan sha'awa kallon kitse yake yi wa rogo. Yakan sayi dashe saboda kyan furen da ya gani a hannun mai sayarwa, bayan wata uku ya tarar da busasshen kara. Kuɗinsa sun tafi, haka ma ruwan da ya yi ta saye daga 'yan garuwa.

Abin da ya kamata magidanci ya fara sani shi ne, wardi ba ya hawa da kansa kamar duma ko soso, domin ba shi da zaren kamu. Dogayen rassa kawai yake fitarwa, sai an kafa masa waya ko katako an ɗaure su. Idan aka bar reshe ya miƙe sama, a ƙolinsa kaɗai zai yi fure. Idan kuwa aka kwantar da shi, sai ya yi tofo a duk tsawonsa, kowane tofo da furensa.

Na biyu shi ne muhalli. A Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200, sanyin gari yana taimakon wardi. A Kano ko Sakkwato kuwa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, gara a zaɓi katangar da ke fuskantar gabas, don shukar ta sha hantsi na kamar awa shida, ta tsira daga ranar la'asar. A kuma nisanta ramin da katangar kamar rabin mita, musamman idan ginin ƙasa ne, kada ban-ruwa ya ci gindinsa.

Sannan sai iri. New Dawn, wanda ya bayyana a Amurka a 1930, yana maimaita fure, amma ƙayarsa ba ta da sauƙi. Gidan da yara ke guje-guje ya fi dacewa da Zéphirine Drouhin, wanda aka samar a Faransa a 1868, mai ƙamshi, kuma kusan babu ƙaya a jikinsa, ko da yake cutar baƙin tabo kan kama ganyensa idan laima ta yi yawa. Duk da haka, reshen da aka yanko daga wardin maƙwabci, wanda ya riga ya ga bazarar garin ya rayu, ya fi baƙon iri tabbas.

Wardi mai hawa kan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya rufe katanga. Wanda ya san ba shi da wadatar ruwa ko haƙurin jira, babu laifi ya dasa bogambiliya, wadda ke jure fari. Wanda kuwa ya zaɓi wardi, to ya tanadi igiya da almakashi tun kafin ya haƙa rami, domin ba a fafe gora ranar tafiya.