Buhun Siminti da Rijiyar Maiganga

Ranar Asabar da ta gabata na tsaya a shataletalen Bata, cunkoso ya hana kowa motsi. A gabana akwai tirela shaƙe da siminti, a gefenta kuma wani ɗan ga-ruwa yana tura kurarsa zuwa Sabon Gari. Ina kallonsu sai na tuna buhunan da na saya bara don ƙarin ɗaki a gidana. Na yi ciniki sosai a kan farashinsu, amma ban tambayi ruwan wa aka taɓa kafin su iso hannuna ba.

Siminti ba ya samuwa sai an gasa dutse da wuta mai tsanani, kwal kuwa na cikin makamashin da ake gasa shi da shi. A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe, ana haƙo kwal ɗin da masana'antar siminti ta Ashaka ke ƙonawa, kuma mazauna yankin sun daɗe suna kokawa kan ruwan shansu.

Yadda ɓarnar ke aukuwa ba ɓoyayye ba ne. Tare da kwal akan samu ma'adini mai ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutarwa, amma da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da sinadari irin na ruwan batir. Wannan tsami yakan narkar da ƙarafan cikin duwatsu, ya kwarara da su cikin rafi, ruwa ya yi ja kamar tsatsa. Famfunan da ke zuƙe ruwa daga ramin haƙa kuma sukan sa rijiyoyin maƙwabta su ƙafe.

Inugu ta isa darasi. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, shi ne kuma ya daɗe yana tuƙa jiragen ƙasan Nijeriya. Yau haƙar ta mutu, amma ruwa mai tsami daga tsohuwar mahaƙar Onyeama bai daina gangarawa Kogin Ekulu ba.

Dokoki muna da su: ta tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, da ta ma'adinai ta 2007 wadda ta wajabta yarjejeniya tsakanin mai haƙa da al'ummar da ya tarar. Abin da nake roƙo shi ne a auna kowace rijiya da rafi kafin a kafa diga, domin in babu awon farko, duk ƙorafin da talaka zai kawo gobe musu zai zama. Daga nan a riƙa maimaita awon rani da damina, a hannun masanan jami'o'inmu tare da wakilan ƙauye, a karanta sakamakon da Hausa a ƙofar dagaci. Maganin tsamin ma yana kusa: dutsen farar ƙasa, wanda da shi ake yin simintin kansa, yana kashe shi idan aka bi da ruwan ta cikinsa kafin a sake shi.

Mu Kanawa mun san yadda Jakara ta koma, mun kuma san kuɗin jarka. Gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta. Ni dai in na sake zuwa sayen siminti, tambayata ba za ta tsaya a kan farashi ba.