Rigar Shata a Wuyan Yayana

Da Alhaji Mamman Shata ya rasu a watan Yunin 1999 aka kai shi Daura aka binne, mu a Funtuwa ba makoki kaɗai aka yi ba, har da neman magaji. Idon mutanen unguwarmu ya faɗa kan yayana, don muryarsa na da irin kaushin nan, kuma kalangu yake bi. Ni ina cikin 'yan amshinsa, ina ɗan shekara goma sha bakwai.

Wani sanƙira ne ya fara jefa masa sunan a wajen biki: "Ga magajin Shata!" Aka ɗauki guɗa, liƙi ya zuba. Ranar mun yi murna har da sayen tsire. Wauta!

Daga nan waƙoƙinsa suka mutu. Da ya ɗauko tasa, sai wani ya ɗaga hannu daga baya: "Malam, Bakandamiyar Shata muke so!" In ya yi ta, a ce bai kamo ba. Shata kuwa nan take yake tsara waƙa, ya dubi mutum ya zuba masa baiti, kuma abin da ake jira ke nan daga yaron da ke kwana yana bitar baiti huɗu.

Wani dare a Malumfashi, makaɗa sun ɗame kalangai, fili ya cika, aka nemi Yaya aka rasa. Na same shi a bayan motarmu, durƙushe, yana amai, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi cikin sanyin hunturu.

"Yaya, zazzaɓi ne?"

Ya goge baki da hannun riga. "Ƙane, mutum nawa ke cin abinci da maƙogwaron nan?"

Na ƙirga a zuci: makaɗa, 'yan amshi, direba, ga Inna da matarsa. Ban ba shi amsa ba. Ya kurkure baki, ya gyara hula, ya shiga fili yana murmushi. Daren nan aka fi yi masa liƙi, kuma ko baiti ɗaya nasa bai rera ba.

Shekara uku ya ƙara, sannan ya raba mana kalangan ya koma awon masara. Har yau in na je rumfarsa, nakan ji yana ɗan gunguni ƙasa-ƙasa yana cika tiya. Waƙarsa ce, wadda ba a taɓa bari ya kai ƙarshenta ba. Da ya hango mai saye, sai ya yi shiru.