Gashin da Ba na Ƙashi Ba

A bakin Bahaushe, idan aka ce an tura mutum gashi a asibiti, abin da ke faɗowa a rai shi ne karaya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon baya. Shi ya sa aka fi cewa gashin ƙashi. Asalin kalmar ɗumi ne, wato ruwan zafi da tsumman da ake dannawa inda aka yi targaɗe. Amma fannin da Turawa ke kira fisiyotarafi, Larabawan Libiya kuma suke ce masa ilaj ɗabi'i, ya wuce ƙashi da jijiya. Yana da reshe guda da ya shafi huhu, kuma ƙuncin sunan da Hausa ta ba shi yana cikin abubuwan da ke hana masu buƙatarsa nemansa.

Haka abin ya kasance ga wani dattijo mutumin ƙasar Damagaram da ke zaune a unguwar Mahdiya, cikin Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya. Yana saurayi ya bi hanyar Agadas da Dirku da Gatrun, kamar dubban Hausawa 'yan ci-rani, ya kuma shafe kusan shekara 30 a bakin tukuba yana gasa nama. Ya sha taba har ya manyanta. Ga hayaƙin gawayi safe da yamma, ga ƙurar gibli, iskar nan mai zafi da ke tasowa daga cikin Sahara. Tari ya soma, sai kaki da asuba, sai haki in ya yi 'yar tafiya. Yaran gida suka ce asma ce, tsofaffi suka ce fuka.

Da aka sa ya hura iska cikin na'urar awon numfashi, likita ya ce ba asma ba ce, cuta ce ta toshewar hanyoyin iska na huhu mai daɗewa, wadda ake taƙaita sunanta da COPD. A asma, hanyoyin iska kan tsuke su sake buɗewa. A wannan kuwa tsukewar ta zauna, ƙananan jakunkunan huhu sun saki, iska tana shiga amma ba ta gama fita. Ana tabbatar da ita idan abin da mutum ya huro a daƙiƙar farko, bayan ya shaƙi maganin buɗe ƙirji, bai kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da zai iya hurowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, ita ce ta huɗu cikin manyan sanadan mutuwa a duniya.

Likita ya ba shi maganin shaƙa, ya ce ya rabu da taba, ya nisanci tukuba, sannan ya rubuta masa gashi. Dattijo ya yi murmushi ya ce, “Likita, ai ƙashina lafiya lau.” Takardar ta kwanta a aljihu wata biyu. A gida kuwa, 'ya'yansa suka karɓi sana'a, suka shimfiɗa masa tabarma. Da ya yunƙura sai su ce, “Baba, ka huta.” Har masallacin unguwa ya daina zuwa.

A nan tarkon yake, domin tausayin da ake nuna wa mai haki shi ne ke ƙara kwantar da shi. In mutum ya daina tafiya, naman cinya da na ƙwauri ya saki. Naman da ya saki kuwa yana saurin gajiya, yana kuma sa numfashi ya hau a kan ɗan ƙaramin aiki. Sai haki ya zo da wuri, tsoro ya ƙaru, zama ya daɗu. Wanda jiya yake kaiwa kasuwa, gobe ƙofar gida ma ta yi masa nisa.

Ranar da babban ɗansa ya lallashe shi suka je, ba a taɓa masa ƙashi ko ɗaya ba. Ma'aikacin gashi ya sa shi kai-da-komo a barandar da ta kai mita 30 har minti 6, ya rubuta nisan da ya ci. Ya koya masa shaƙar iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta tsukakken baki yana ƙirga huɗu, kamar mai hura koko mai zafi. Tsuke bakin yana riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe har iskar da ta maƙale ta samu fita. Ya nuna masa yadda zai zauna ya sunkuya, gwiwar hannu a kan cinya, in haki ya taso. Ya koya masa fitar da majina da huci mai ƙarfi, baki a buɗe, maimakon tarin da ke sarƙe shi. Sauran kuwa atisaye ne: tashi da zama a kujera, ɗaga gorar ruwa, da tafiyar da ake ƙara wa tsawo sannu a hankali. Irin wannan shiri yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, aƙalla sau biyu a mako a gaban ƙwararre.

Abin lura shi ne, gashi ba ya gyara huhun da ya lalace, awon na'ura ma da ƙyar yake canzawa. Abin da yake yi shi ne rage haki, ƙara nisan tafiya, da rage komawa gadon asibiti bayan ciwo ya tashi. Masana suna ɗaukar ƙarin mita 30 a gwajin minti 6 a matsayin canjin da majiyyaci kan ji a jikinsa. Ga ɗan ci-ranin da ke cin guminsa, wanda Tarabulus ke masa nisan fiye da kilomita 700, babbar fa'idar ita ce in ya koya, sauran aikin ba ya cin ko sisi. Dattijon yana takawa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ranar gibli kuma ya yi nasa a cikin ɗaki. An kuma gargaɗe shi cewa in kaki ya canza launi, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ta kumbura, asibiti zai nufa. Ribar kuma tana zagwanyewa in aka daina.

Bai koma bakin tukuba ba, ba kuma zai koma ba. Amma yana kai kansa sahu, yana tsayawa sau ɗaya a hanya ya hura kokonsa. Har yanzu Hausa ba ta tsayar wa wannan cuta suna guda ba, balle wannan reshe na gashi. Kafin masana harshe da likitoci su daidaita a kai, iyalin mai haki suna iya gyara kalma ɗaya a gida: inda suka saba cewa “Baba, ka huta,” su ce “Baba, tashi mu taka.”