Kwalliyar gangar shara

A unguwar Birni ta Damagaram, inda magina suka gaji zanen bango tun kaka da kakanni, wani dattijon magini ya raba tsohuwar gangar mai gida biyu. Ya shafe rabi da shuɗin fenti, ya zana masa dagi irin na ƙofar zaurensa, ya girke shi bakin hanya domin zuba shara. Maƙwabta suka yi ta dariya: yaushe aka fara yi wa juji kwalliya?

Kafin damina ta faɗi, ganguna sun jeru a layin, kowane gida da irin zanensa. Yaron da ya saba watsa shara cikin magudanar ruwa, yanzu kunya yake ji ya wuce gangar gidansu, domin abin da mutum ya ƙawata da hannunsa ba ya son a wulaƙanta shi.

Sai dai fenti ba ya kwashe shara. Tun shekarar 2014 doka ta hana leda a Nijar, amma ga ta nan tana toshe hanyar ruwa, tana kashe awaki. Duk makon da masu kwasa suka yi jinkiri, ganga takan cika har ledar ta rufe dagin. A irin wannan rana dattijon yakan ari amalanke, ya kwashe da kansa, sannan ya dawo ya goge zanensa.