Lasar Miki: Tsakanin Dabba da Ɗan Adam

Duk wanda ya zauna da mafarautan ƙasar Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suka san lungunan Dajin Falgore, ya ga yadda kare, idan gadu ya tsaga masa cinya da haure, yakan nemi inuwa ya kwanta yana lasar wurin, ba tare da wani ya karantar da shi ba, face ilhamar da Ubangiji Ya kimsa masa. Hikimar kuwa a bayyane take, domin harshe yana share ƙasa da matacciyar tsoka da ƙwan ƙuda, a cikin yawu kuma akwai sinadarin da ke narkar da wasu ƙwayoyin cuta, irin wanda likitan nan Alexander Fleming ya bayyana a 1922.

Sai dai shekaru sun nuna mini cewa wannan rahama tana da haddi. Na sha ganin karen da ya lizimci lasa dare da rana, yana ɓamɓare ɓawon da ya fara kamawa, har ɗan ƙaramin rauni ya koma gyambo mai mugunya. Dama bakin da ke ɗauke da magani shi ne kuma ke cin mushe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutumin da zai miƙa wa kare ƙafarsa ya lasa, wai yawun kare magani ne. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su hukunta yawun kare da najasa ba, suna ɗaukar wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai a matsayin ta'abbudi, amma tsarki a babin fiƙihu daban, aminci daga cuta daban. Ciwon haukan kare a yawu yake tafiya, ba lalle sai da cizo ba, lasa a kan fatar da ta tsage ta isa, kuma da zarar alamominsa sun bayyana, har majinyaci ya fara firgita da ruwa, da wuya ƙwarai ya tashi.

Dabba ta koma ga harshe ne saboda ba ta da hannu, ba ta da sabulu. Mu an hore mana su, an kuma hore mana allurar rigakafin haukan kare, wadda Louis Pasteur ya fara gwadawa a kan ɗan Adam a Faransa a 1885. Saboda haka nake roƙon 'ya'yana da jikokina na Kiru da Bebeji: wanda kare ya ciza, ko ya lasar masa miki, ya yi ta wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da karen zai zama.