Ƙungiyar Ekpe ta Birnin Kalaba

Baƙon da ya sauka Kalaba, in ya ji ƙarar ƙararrawa, ya ga mutane suna ba da hanya, to dodon Ekpe ne ya fito. Ekpe dai damisa ke nan da harshen Efik, kuma sunan ƙungiyar maza ce mai hawa-hawa, kowane mataki da kuɗin shigarsa. A zamanin cinikin manja ita ce alƙali, ita ce ɗan doka. Har Turawa fatake sukan biya su shiga don su karɓo bashinsu. Da dokarta aka hana kashe bayi wajen jana'izar manya a 1850. Waɗanda aka kai Kuba bauta ma sun kafa irinta a 1836. Yau shari'a ta koma kotu, amma jana'izar babban ɗan ƙungiya ba ta cika sai dodon ya taka rawa.