Rijiyar da Ke Cin Sabulu

Rijiyar gidanmu, a wani ƙauye yamma da Sakkwato wajen Wamakko, ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara. Aibinta ɗaya ne, ruwanta na zartsi. Inna kan ce rijiyar nan ta fi kowa ci a gidan, don sabulu take ci. Ka dirza shi a daro har hannunka ya yi ja, kumfa ba za ta tashi ba, sai wani farin gudaji ya taso yana yawo a sama kamar nonon da ya tsinke. Farar rigar Baba ta Juma'a in ta bushe sai ta sandare, haskenta ya dushe. Wake kuwa, in ba a jefa masa kanwa ba, sai itacen kwana biyu ya ƙare yana nan da taurinsa a tukunya.

Butar shayin Kakata ce ta fi shan wahala. Wata rana na leƙa cikinta na ga gindinta ya yi farin ɓawo mai kauri, kamar an shafe shi da siminti, bakinta kuma ya tsuke har ruwa na fita siriri. Na ɗauko cokali na hau kankara.

"Kai maigida, ka huda mini buta ka ba ni wace?" in ji ta. "Ajiye cokalin nan, ɗauko mini tsamiya a rataye."

Ta jiƙa tsamiyar, ta tace, ta cika butar ta ɗora a wuta. Da ta tafasa ta sauke, ta ce kada wanda ya taɓa sai gobe. Da safe ta girgiza ta tuntsurar, sai ga ɓawon yana zubowa falle-falle kamar na ƙwai. In lokacin lemun tsami ne, shi take matsawa, mu kuwa mu kafa kunne a bakin butar muna jin tana "shuuu". Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san tsami ne maganin abin.

Damina ce sallarmu. A bar ruwan farko ya wanke kwanon rufi, sannan a jera daro da bokiti da kwatarniya ƙarƙashin indararo. Ranar mata ke tsefe kai su wanke, don da ruwan sama ɗan guntun sabulu ma sai ya cika daro da kumfa. Da garin Omo ya zama na kowa, wanki ya yi sauƙi, shi zartsi bai cika dame shi ba. Buta dai ba ta samu sauƙi ba.

Har yau ina jin haushin dukan da na sha a kan hitar da Yaya ya kawo daga makarantar kwana. Wata uku ta yi tana dafa mana ruwa, ƙarfenta ya lulluɓe da fari, ranar da na jona ta kuma ta ƙone. Aka ce ni na lalata. Alhali ɓawon ne ya hana zafi fita, ya dawo ya cinye wayar ciki.

Sai a sakandare malaminmu ya warware mini. Ƙasarmu a kan dutsen farar ƙasa take zaune. Ruwan sama in ya ratsa shi yakan narkar da sinadarin kalsiyam ya tafi da shi rijiya, in an tafasa kuma ya rabu da ruwan ya kwanta, ya koma dutse. Ya ce shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ce a wurin. Nan na tuna wani dutse mai siffar katantanwa da Baba ya taɓa kawo mini a aljihu daga Kalambaina, inda yake aiki a kamfanin simintin da ya fara aiki a 1967. Ashe dutsen da ake fasawa a biya Baba albashi, shi ne a gindin butar Kaka.

Da aiki ya kai ni Jos, inda duwatsun ba sa narkewa haka, na shiga wanka ranar farko na dirza sabulu irin yadda hannuna ya saba. Bokiti biyu na ƙarar, santsin bai bar jikina ba, har mai masaukina ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar ko lafiya.